Wace waya ce ta wane aji? Shawara kafin makaranta ta sayi na'urar buga alama

Wata ranar Talata a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ina tsaye gaban allo sai wata yarinya daga bencin baya ta ce, “Mushe, fanka tana wari.” Na ɗaga kai, na ga siririn hayaƙi yana fita daga gindin fankar da ke tsakiyar aji. Na danna makunnin bango, bai amsa ba, ya daɗe da lalacewa. Na fitar da yara waje, na ƙwala wa mai gadinmu kira.

Baba mai gadi ya ruga wurin akwatin wuta da ke baranda. Madatsai goma sha huɗu ne a jere a cikinsa, irin waɗanda masu gyara ke kira dijonktar, babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga murya: “Mushe, ta tsaya?” Ni kuma ina amsawa, “Baba, ba ta tsaya ba!” Ya sauke duka, har da babban. Makaranta ta yi tsit, amma fankarmu tana ta juyawa tana hayaƙi. Sai da darekta ya zo da makullin ɗakin kwamfuta muka gane abin da ke faruwa. Ashe shekara biyu da suka wuce, wani mai gyaran wuta ya haɗa ajina da layin sola na ɗakin kwamfuta don kada yara su sha zafi in an ɗauke wuta. Niyyarsa mai kyau ce. Amma ya bar gari, ya tafi da sanin abin a kansa.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Makarantarmu tana Tondibia, a gefen kogin Isa, in ka wuce Gudel ka nufi wajen Tilaberi. Ba zan ambaci sunanta ba, don ina da tabbacin cewa duk malamin da ya buɗe akwatin wutar makarantarsu gobe da safe, mai yiwuwa abin da muka gani shi ma zai gani.

Da kwamitin makaranta ya zauna, wani uba da ke aikin haɗa wayoyin intanet ya ba da shawarar a sayi ƴar na'urar nan ta hannu da ke buga rubutu a kan tef mai gam, a liƙa wa kowace waya da kowane madatsi sunansa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɓata rai. Aka ɗora mini nauyin in bincika in kawo bayani. Abin da na kai wa kwamiti shi nake so in kawo wa ƴan'uwana malamai da iyaye. A taƙaice, sa wa waya alama wajibi ne a kan kowace makaranta. Sayen na'ura kuwa zaɓi ne, kuma in za a saya, tef ɗin da take ci za a fara dubawa kafin a dubi ita kanta.

Bari in fara da dalilin da ya sa na ce wajibi ne. Ba mu manta da ranar 13 ga Afrilun 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. Ba mu manta da ta Maraɗi ba, ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, inda aƙalla yara 25 suka rasu. Bayan haka ne gwamnati ta hana sa ƙananan yara ƴan share fage a azuzuwan zana, kowa kuma ya ƙara matsa kaimi a kan a gina na bulo. Wannan ci gaba ne. Sai dai ajin bulo yana zuwa da fanka da ƙwai da soket, wato haɗarin ya sake kama, ya shige cikin bango inda ido ba ya gani.

Sa'an nan ga yadda wutarmu ta koma. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. A watan Agustan 2023 aka yanke shi, bai dawo ba sai Maris na 2024. A cikin watannin nan duk mai hali ya nemi wata hanya: wannan ya sa farantan sola da batura, wancan ya sayi janareta. Yau makarantu da yawa suna da mafarin wuta biyu ko uku a gini ɗaya, kowanne wani mutum daban ne ya haɗa shi, a shekara daban. Wanda ya sauke babban madatsin NIGELEC yana zaton ya kashe wutar gida duka, alhali wayar da ta sauko daga farantin sola tana ɗauke da wuta muddin rana na haskawa, batir ma yana nan da tasa.

Akwai kuma maganar launi, wadda ni kaina ban sani ba sai da na bincika. Masu gyaran wuta da suka koyi aiki a nan Nijar, ko Togo da Benin, tsarin Faransa suke bi: shuɗiyar waya ita ce mai komar da wuta, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa ce, ja ko ruwan ƙasa ko baƙa kuwa suna iya zama masu ɗauke da wuta. Wanda ya koyi aiki a Sakkwato ko Kano a kan tsohon tsarin Ingila kuwa, a wurinsa ja ce mai wuta, baƙa ita ce mai komarwa. Ingila ta sauya launukanta tsakanin 2004 da 2006, amma tsohon sabo da tsofaffin gine-gine suna nan. Ka ga baƙar waya ɗaya, ma'ana biyu. A gari irin Yamai, inda masu sana'a daga ƙasashe da yawa ke aiki a gini ɗaya, kuma sau da yawa ana amfani da wayar da aka samu a kasuwa ko wane launi ce, dogara da launi kaɗai ganganci ne.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini shi a fuska. Wata uwa a kwamitinmu ta ce, “Malam, yara uku-uku da huɗu-huɗu suke zama a benci ɗaya, alli ma sai an yi karo-karo, kai kana maganar injin rubuta suna?” Gaskiyarta. Makarantar da akwatinta bai wuce madatsai shida ko takwas ba, ba ta da buƙatar na'ura. Ƙaramin gwangwanin fenti da siririn buroshi sun isa: a rubuta lamba a ƙofar kowane aji, a rubuta lambar a saman madatsinsa. Fenti ba ya ɓarewa, ba ya neman batir. Duk wanda ya ce a jira sai an sayi na'ura kafin a fara, to ya jinkirta alheri ne kawai.

Inda fenti ke gazawa shi ne a kan waya. Ba ka iya rubutu da buroshi a kan wayar da ba ta kai kaurin fensir ba. Abin da aka saba yi shi ne a naɗa salatif na takarda a rubuta da maka. Na ga irinsa a ɗakin kwamfutarmu: gam ɗin ya bushe da zafi, ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashinsa, wasu sun faɗi ƙasa, waɗanda suka rage tawadar ta dushe har ba a bambanta 1 da 7. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta mai wayoyi talatin ko arba'in, da sola, da famfon rijiyar burtsatse, da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya mai kwalabe, da kayan da ake ƙirgawa duk ƙarshen shekara, ita ce maganar na'ura ta shafa. Haka cibiyoyin koyon sana'a, inda ya kamata yaro ya koyi sa alama tare da koyon haɗa waya.

To in an kai ga saye, me za a duba?

Na farko, yadda take buga rubutu. Iri biyu ne. Akwai mai ƙona takarda kai tsaye da zafi, irin rasit ɗin da ake ba ka a kantin magani ko gidan mai. Ita ce mai araha, ita ce kuma ta cika kasuwa, sau da yawa ƴar ƙarama da ake haɗawa da wayar salula. Duk wanda ya taɓa barin rasit a cikin mota ko a aljihun babur ya san ƙarshensa: ko dai ya yi baƙi, ko rubutun ya ɓace. Takardar da zafi ke rubuta ta, zafi ne ke kashe ta. Iri na biyu tana narka tawada daga wani siririn zare ta manna ta a kan tef na roba. Wannan ita ce ta dace da ƙasarmu. Tambaya ta farko ga mai shago ke nan, kuma in bai san amsa ba, a buɗe na'urar a duba: in naɗin farar takarda ne kawai a ciki, a ajiye masa abinsa. Araha ba ta ado.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma a ganina: a ina za a samu tef in ya ƙare? Sunayen da za ka fi cin karo da su a wannan fanni uku ne: Brother mai jerin P-touch, da Dymo mai jerin Rhino, da Brady. Dukkansu suna da na hannu waɗanda aka yi wa masu aikin waya, masu rigar roba saboda faɗuwa. Amma kaset ɗin wannan ba ya shiga na wancan. Ranar da ka zaɓi na'ura, ka ɗaura aure da tef ɗinta ke nan. Wasu ma an sa musu ɗan guntun lantarki da ke ƙin karɓar kaset in ba na kamfanin ba ne. Mu kuma ƙasa ce da ba ta da teku. Tun da iyakarmu da Benin ta rufe a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya ga yadda ƙananan kaya ke ɓacewa daga kasuwa na tsawon watanni. Saboda haka kafin a biya ko dala, a taka zuwa Babbar Kasuwa da Katako da shagunan kayan ofis, a ga wane kaset ne ake samu a shago fiye da ɗaya. Wanda aka fi samu, na'urarsa za a saya, ko da ba ita ce mafi kyan gani ba. Ofisoshinmu cike suke da injuna na kyauta da suka mutu ranar da tawadarsu ta farko ta ƙare.

Na uku, a yi lissafin kuɗi da mita, kada a yi da kaset. Tsawon tef ya bambanta: kaset na yau da kullum na Brother mita 8 ne, na roba mai laushi na Dymo Rhino mita 5 da rabi, na nailan ɗinsu mita 3 da rabi. Akwai kuma asarar da ba a faɗa wa mai saye. Na'urorin Brother da yawa sukan turo farin tef kimanin santimita 2 da rabi kafin rubutu ya fara, duk lokacin da aka buga aka yanke. In alamarka santimita 5 ce kana bugawa ɗai-ɗai, kowace tana cin santimita 7 da rabi, mita 8 ta ba ka kamar 106. In ka jera su ka buga a tare ka yanke da almakashi, za ka samu kusan 160. A tabbata na'urar tana iya buga jeri, tana kuma iya ƙirga lamba da kanta daga 1 zuwa inda kake so. Ɗakin kwamfuta mai wayoyi 30 yana buƙatar alama 60, don kowace waya baki biyu gare ta.

Na huɗu, irin tef. Wanda aka yi don shimfiɗaɗɗen wuri, kamar murfin akwati ko bayan kwamfuta, yana da ɗan tauri. In ka naɗa shi a siririyar waya, bayan ƴan kwanaki zai warware da kansa. Waya tana son tef mai laushi, na nailan ko roba, wanda ake naɗawa ko a liƙa shi kamar ƴar tuta. Akwai wanda ake zura wa waya kamar hannun riga a hura masa zafi ya tsuke ya kama ta. Shi ya fi daɗewa, amma sai kafin a ɗaure bakin waya ake sa shi, saboda haka na sabon aiki ne. Ga bango mai kaushi ko ƙarfe mai fenti akwai mai ƙarfin gam. Faɗi kuwa yakan fara daga milimita 6 ya hau 9, 12, 18 ko 19, har 24. Na milimita 12 yana yin galibin aikin makaranta. Ba sai an biya kuɗin babbar na'ura saboda faɗin da ba za a yi amfani da shi ba.

Na biyar, a dubi hannun da zai riƙe ta. Mai madannai a jikinta ta fi wadda sai da wayar salula, don ranar da mai wayar ya samu canjin wurin aiki, na'urar ta zama kwalliya. Mai cin ƙananan batura na AA ta fi sauƙi a wurinmu, don ana samun su a kowane tebur, amma a riƙa cire su kafin dogon hutu don kada su zubo su ci ƙarfen ciki. A kuma gwada haruffa. Waɗanda na taɓa da hannuna suna da wasulan Faransanci masu alama a ka, amma ban ga ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a madannansu ba, balle ŋ ta Zabarmanci. Wannan ya kawo ni ga wata magana. Tondibia garin Zabarmawa ne, sunan ma baƙin dutse yake nufi a harshensu. Baba mai gadinmu yana jin Zabarmanci da Hausa, yana karanta ajami, ba ya karanta Faransanci, kuma shi ne ke makaranta dare da rana. Alamar da darekta kaɗai ke iya karantawa ba ta da amfani da ƙarfe biyun dare. Lamba kowa ya san ta. Launi ma haka. Mu mun tsayar da cewa duk abin da ya fito daga sola tef mai rawaya za a sa masa, na NIGELEC fari.

Kafin a saya, a roƙi mai shago ya buga alama uku. A naɗa ɗaya a guntun waya a ajiye a kan kwanon rufi mako biyu. A liƙa ɗaya a kwalba a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma da ruwan jabel. A liƙa ta ukun a cikin akwatin wuta. Ranar Yamai ba ta karɓar cin hanci, ita za ta gaya muku gaskiyar da kwalin ba zai faɗa ba.

Duk da haka, na'ura ba ta san abin da za ta rubuta ba. Alamar ƙarya ta fi rashin alama haɗari, don wanda ya ga an rubuta “Aji 4” ya sauke, zai kama waya da gaba gaɗi. Saboda haka aikin farko shi ne bin layi: ranar Asabar, mai gyara ɗaya a wurin akwati, mutum ɗaya yana zagaya azuzuwa da ƙwan gwaji, a sauke madatsi ɗaya a ga abin da ya mutu, a rubuta. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Ƙa'idar wutar gidaje ta Faransa, NF C 15-100, wadda masu gyaranmu da yawa suka yi karatu a kanta, ta wajabta a nuna abin da kowane layi ke ciyarwa a jikin akwati. Ƙa'idar Amurka ta wayoyin sadarwa, TIA-606, wadda ta fara fitowa a 1993, ta ce a sa wa waya alama a bakinta biyu, cikin santimita 30 daga ƙarshe. Bayan an liƙa, a kwafe komai a littafi guda, a ajiye kwafi a ofis, a manna kwafi a murfin akwati. Duk mai gyaran da ya ƙara ko ya sauya waya, ba a sallame shi sai ya gyara alama ya gyara littafi.

Nan ne iyaye ke da ƙarfi fiye da yadda suke zato. Kuna cikin kwamitin CGDES, wanda har yanzu mutane ke kira COGES, kuna cikin ƙungiyar iyaye da ta iyaye mata. Kuɗin karo-karonku ne ke biyan mai gyara. Ku sa sharaɗi tun wurin ciniki: ba a biyan cikon kuɗi sai kowane madatsi da kowace waya sun samu suna. In wata ƙungiya ta kawo kyautar sola ko kwamfutoci, a gode mata, a kuma nemi zanen layin da alamominsa kafin masu haɗawa su shiga mota. Tun ran gini ran zane. A taro na gaba kuma, ku roƙi darekta ya buɗe muku akwatin wuta, ku tambayi mai gadi a gabanku wanne ne na ajin ɗanku.

Ku duba gida ma. Jabel a gorar ruwa, fetur ko kananzir a kwalbar lemo, maganin ƙwari a tsohuwar kwalbar sirop: yaro ɗan shekara biyu ba ya karatu, saboda haka maganinsa shi ne a ɗaga abin sama a kulle. Amma yayarsa da aka aika ta ɗauko masa ruwa tana karatu, kakarsa kuma tana gane jan fenti.

Ga abin da muka yi a ƙarshe. Mun fara da fenti a makon da abin ya faru. Mun gyara makunnin bangon ajina, mun sa wa layin sola madatsinsa a baranda inda hannun Baba zai kai ba sai an nemi makulli ba. Na'ura kuwa ba mu saya mu kaɗai ba, don aikin makaranta ɗaya ba ya wuce kwana uku ko huɗu a shekara. Mun haɗa kuɗi da wasu makarantu biyu na kusa, na'ura ɗaya, kowa da kaset ɗinsa, tana kwana wurin wanda ya sa hannu a littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na gwada Baba ba tare da na gaya masa ba. Na leƙo daga taga na ce, “Baba, aji na huɗu!” Kafin in juyo fanka ta fara rage gudu. Ya dawo yana murmushi ya ce, “Mushe, rawaya ce, lamba huɗu.” Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu ikon yin abin da ke hannunmu.